Darbejiyar da na ɗauka riƙo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hajara mai koko, daga Maamobi.

Bara wasu ma'aikata suka zo suka liƙa wa itatuwan layinmu lamba, suka ce kowa ya zaɓi ɗaya ya riƙa. Kana ba shi ruwa, kana tura hotonsa ta waya, su kuma suna ba ka shawara. Na ɗauki darbejiyar da nake sayar da koko a ƙarƙashinta, don ita kaɗai ce inuwata.

Watan jiya ganyenta ya fara zuba. Na tura hoto, suka amsa cewa wani yana ɓare ɓawonta, in ya zagaye gindin za ta mutu. Raina ya ɓaci sosai.

Ranar Juma'a da safe na kama mai yi, da wuƙa a hannu. Ashe Baba Alidu ne, tsohon maƙwabcina. Ya ce, "Ɗiyata, matata ce zazzaɓi ya kwantar, zan dafa mata." Na tsinko masa ganye, na ce ya bar ɓawon, kuma mu kai Inna asibiti.

To Malam, a wayar akwai wurin rubuta wanda ya yi ɓarna. Har yau ban cika ba. Masu sauraro ku ba ni shawara, don itacen amana ne a hannuna, amma tsohon nan shi ya yi wa mijina salla ranar da ya rasu.