Ƙafar da Ta Ƙi Taka Birki

Salama a gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Sunana Ishaku, malamin firamare ne ni, kuma kun san ba ni da yawan fitowa gaba. Yau dai dole na fito, domin in na yi shiru da abin da Allah ya yi mini, na ci amanarsa.

Ba sai na tuna muku ranar da ruwa ya shigo garin nan ba. Mu a Bulumkutu ƙasa a bushe take, amma mahaifiyata tana Gamboru. Da safe ta kira ni, muryarta can ƙasa. Ta ce ruwa ya cinye ɗakinta, maƙwabciyarta Ya Falmata ta ja ta sun hau saman rufin siminti na gidansu, su da yara. Na tambaye ta ko ta ci wani abu, ta ce tun jiya da rana babu. Mama tana da ciwon suga, yunwa kayar da ita take yi nan take. Ina cikin cewa ta riƙe, ina zuwa, sai wayar ta mutu.

Na ruga nan coci. Ɗan'uwa Bitrus, wanda ya yi sana'ar su a tafkin Chadi kafin tashin hankali ya koro shi gari, jirginsa mai inji yana ajiye a bayan harabar nan, a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu. Jirgi akwai, motar da za ta ja shi ce babu. Duk masu manyan motoci sun fita kwasar 'yan'uwansu. Sai tawa 'yar ƙaramar jif, wadda ko buhun masara na saka mata sai ta yi ta nishi. Ban taɓa jan komai da mota ba a rayuwata, amma na ce a ɗaura.

Muna ɗaurawa labari ya zagaya cewa Malam Ishaku zai shiga Gamboru da jirgi. To kun san halinmu. Ba a tafiya hannu wofi, kuma ba a ganin mai tafiya a ƙi ba shi saƙo. Iyayenmu na zumuntar mata, ku yi haƙuri, zan faɗa. Kafin a ce me, ga kuloli na shinkafa da wake, ga jakunkunan ruwan leda, ga buhun garin kwaki, ga jarkokin man fetur na injin. Wannan ta ce a kai wa ƙanwarta, waccan ta ce a kai wa surukarta. Bayan jirgin ne ya fi ƙasa, nan hannunsu yake kaiwa, don haka nan suka yi ta jibgawa, kusa da injin da shi kansa nauyi ne.

Bitrus ya gani, ni ma na gani. Amma wa zai buɗe baki ya ce wa Mama Saratu, wadda ta riƙe shi ranar baftisma, ta sauke kularta? Ba a mayar da hannun kyauta baya. Bitrus ya matso, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin hancin amalanken inda ya haɗu da motar, ya ɗaga. Ƙarfen ya taso kamar babu komai a kansa.

Ya ce mini a hankali, "Malam, wannan bai yi ba fa. Hancin nan ya kamata ya danne mota. Kayan duk sun koma baya."

Na ce, "Bitrus, uwata na kan rufi. Shiga mu tafi."

Ya shiga, muka kama hanya.

Da muka hau babban titi komai lafiya. Motar na ja da kyar, amma tana ja. Ni kuwa ba titi nake gani ba, Mama nake gani kwance, leɓɓanta sun bushe. Na ƙara totur, na sake ƙarawa. Bitrus ya ce, "Malam, sannu dai." Na yi kamar ban ji ba.

Sai wata babbar mota ta zo ta wuce mu da gudu. Iskarta ta bugi jirgin, na ji bayan motata ya motsa. Na duba madubi, jirgin ya leƙo ta dama. Na sake dubawa, ya leƙo ta hagu. Kowace dawowa ta fi ta baya faɗi, kamar wutsiyar tarwaɗa. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannuna, tayoyin baya suna ƙara, ina jin jirgin yana ɗaga bayan motar yana ajiyewa. A gefen titin kuwa mutanen da ruwa ya koro ne jere, mata da yara, da katifu a kai.

Na san in muka kife ba mu kaɗai za mu mutu ba, kuma babu wani jirgin da zai je wa Mama.

Abin da kowane direba zai yi shi na yi niyya. Na cire ƙafa daga totur zan danna birki har ƙasa. A lokacin ne bakina ya buɗe, kuma ba wata doguwar addu'a na yi ba. Na ce, "Yesu, ka riƙe mu. Yesu, ka riƙe mu."

'Yan'uwa, ƙafata ta tsaya a sama. Ina aika ta, ta ƙi zuwa. Ta yi nauyi kamar ba tawa ba, tana rataye tsakanin totur da birki. Hannuwana kuma suka ƙage a kan sitiyari, ban iya juya shi ko ina ba. Na ji Bitrus yana cewa, "Haka, Malam, haka. Kada ka taka. Bar gudun ya mutu da kansa." Shi a zatonsa gwaninta nake yi.

Gudun ya fara raguwa. Jirgin ya leƙo ta dama, bai kai inda ya kai ɗazu ba. Ya leƙo ta hagu, kaɗan. Sannan ya koma bayan motar ya miƙe. Sai a nan ƙafar ta sake ni, na taɓa birki a hankali, muka gangara gefe.

Muka fito daga motar. Bitrus ya ce da na danna birkin nan, da jirgin ya turo mu ya naɗe motar gefe. Na ce masa ba ni na ƙi takawa ba.

Daga tsoro sai fushi ya taso mini, kun san ni da zuciya. Na hau jirgin na ɗauki kular Mama Saratu, na ce duk kulolin nan a kwata za su ƙare, su suka so kashe mu. Bitrus ya riƙe hannuna. Ya ce, "Malam, abincin ba shi da laifi. Wurin zamansa ne ba daidai ba."

Muka kwance injin muka kwantar da shi a tsakiyar jirgi, daidai saman tayoyin amalanken. Jarkoki da kuloli muka jawo su gaba, muka ɗaure da igiya. Buhun garin da yawancin ruwan ledar muka miƙa wa mutanen da ke bakin titi, domin motar ba ta iya wannan nauyin ba tun farko. Bitrus ya sake gwada hancin amalanken, wannan karon sai da ya sa hannu biyu.

Sauran hanyar ita ta fi mini wuya. Tafiya muke kamar masu rakiyar gawa, keke napep yana wuce mu, zuciyata tana cewa taka, taka. Kuka nake yi ina tuƙi, amma ban taka ba.

Inda titi ya ƙare a cikin ruwa, matasa suka taimaka muka sauke jirgin. Bitrus ya tada inji, muka bi layukan da na sani tun ina yaro, yanzu sai saman katanga kawai ake gani. Daga nesa na hango Ya Falmata tana kaɗa mayafi.

Na hau rufin na tarar da Mama kwance, kanta a cinyar Ya Falmata, gumi ya jiƙa ta, jikinta na rawa. Na kira ta, ta buɗe ido ba ta gane ni ba. Ya Falmata ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, ɗana. Ba jirgi take so yanzu ba. Ka zo da abinci?"

Na juya na kalli Bitrus. Ya sunkuya cikin jirgin, ya miƙo mini kular Mama Saratu, wadda na so jefawa a kwata. Shinkafar da sauran ɗuminta.

Ya Falmata ta riƙa ba ta da hannu, loma kaɗan-kaɗan. Can Mama ta dube ni sosai, ta ce, "Ishaku, ka daɗe."

Na ce, "Mama, a hankali na zo."

Ga mahaifiyata can zaune a layi na biyu, ku gan ta. Mama Saratu, na gode, kuma ki yafe mini abin da na faɗa a bakin titi. In za ku sake ba mu saƙo ku bayar, amma ku bari mu zaɓa masa wurin zama.

Na gode wa Ubangiji da ya riƙe ƙafata lokacin da hankalina ya ce in taka. Duk wanda ke nan yau yana jin abin da ya ɗauko yana jijjiga shi, ya kira sunan Yesu, ya dogara gare shi. Ni na kira, ya kuwa amsa. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.