Ba Zan Miƙa Musu Inji a Yini Ɗaya Ba

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki, ya iyali?

Sunana Sabi'u, daga Wudil. Shekara goma sha takwas ina sare itace da inji don 'yan katako. Ina da littafin da nake rubuta kowace bishiya: inda na ce za ta faɗi, da inda ta faɗi. Har yau nakan yi kuskure.

Makon jiya Alhajin da nake wa aiki ya kawo magidanta uku daga Darki, ya ce in koya musu a yini ɗaya. Na ce sai sun yi mako biyu ba su taɓa inji ba. Su fara koyon ƙwanƙwasa gindin bishiya da bayan gatari, su ji ko gara ta cinye cikinta.

Alhaji ya ce, "Sabi'u, jami'a ka buɗe? Ai manoma ne, sun san itace."

Na kai su wajen wata darbejiya. Suka ce gabas za ta faɗi, suka tsaya ta yamma. Na ƙwanƙwasa na ji kogo, sai na janye su nesa. Da na sare, ta faɗi yamma, a kan butar da ɗayansu, Malam Idi, ya ajiye inda ya tsaya.

Alhaji ya ba ni zuwa Juma'a, in miƙa musu inji ko in bar aiki. Na yi ta tunanin ko na cika tsanani, amma ba zan miƙa ba. Masu sauraro, in na yi kuskure ku faɗa mini.

Ina gaida Malam Idi, wanda ya zo jiya da nasa littafin.