Mutanen da Kaka Ya Kwashe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban kwamitin zuri'a, Baffanmu, wanda Allah Ya hore wa muryar da lasifika ma take jin nauyinta. Mai girma Yaya Dakta, marubucin tarihin gidanmu, wanda alƙalaminsa bai san gajiya ba, bai kuma san birki ba. Manyan baƙi da ke kan kujerun gaba masu taushi. Iyayena mata da ke kan bencin baya masu tauri. Surukai, maƙwabta, da waɗanda suka hango rumfa suka shigo don zumunci, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa kwamiti da ya ba ni dama in yi magana a kan tarihin Kaka, ni da ba ni da digiri sai keken ɗinki. Na san wanda aka shirya zai yi jawabin mura ce ta kwantar da shi, aka duba cikin jikoki aka ce a ba tela, ai shi ba shi da surutu. Allah Ya saka wa wanda ya kawo wannan shawara.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Ana so mu ɗaga hannu mu amince a mayar da ɗakin Kaka, wancan mai koren labule a ƙarshen tsakar gida, ya zama ɗakin tarihi. Idan muka amince, gobe da safe za a fitar da Goggo, 'yarsa ɗaya da ta rage a duniya, a kai ta ɗakin ajiya da ke jikin janareta. An tabbatar mana an share ɗakin. Madalla. Kafin a ɗaga hannu, ina da magana uku.

Ta farko, muƙamin Kaka. Ya dawo daga yaƙi babu igiya ko ɗaya a hannun rigarsa. Ina yaro na ji ana ce masa Kofur, shekara kaɗan bayan rasuwarsa. Da muka fara taron shekara ya zama Saje. Yau a shafi na tara na littafin Yaya Dakta na tarar da shi Manjo. Jama'a, ban taɓa jin sojan da ya samu ƙarin girma a cikin kabari kamar Kakanmu ba. Idan Allah Ya kai mu baɗi, ku zo da shirin gaishe da Janar.

Ta biyu, kakin nan da ke cikin akwatin gilashi a gefen Baffa, wanda aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa da shi Kaka ya shiga fagen fama. Ina neman gafarar baiwar Allah da na ga tana share hawaye a gabansa ɗazu. Ni na ɗinka shi, sati uku da suka wuce. Baffa ya zo shagona ya ce, "Ɗana, kakin Kaka muke so." Na ce, "Baffa, da wane awo?" Ya ce, "Awon jarumi mana! Ka buɗa ƙirji, ka ƙara tsawo." Na buɗa, na ƙara. Na jiƙa shi a ruwan shayi kwana biyu don ya tsufa, na shanya a kan rufin shago rana ta ci rabonta. Hujin harsashin da ke kafaɗa kuwa, Yaya Dakta ne ya ce tarihi ba ya armashi babu shi, sai na gasa ƙusa a wuta na huda. Duk wanda ya leƙa cikin wuyan rigar zai ga alamar shagona, don ni ba na sakin aiki ba tare da ita ba. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Hannuna yana ciki dumu-dumu, kuma kunyar abin ta hana ni sakat.

Ta uku ita ce mai nauyin. Duk mun tashi muna jin cewa Kaka ya taɓa kwashe mutane a rana ɗaya. A bakin iyayenmu mutum goma sha ɗaya ne. A bakinmu suka zama arba'in. A littafi sun kai ɗari da ashirin, har da bayanin yadda harsashi ya ƙare masa ya koma sa hannu. Ranar da na gama kakin na shiga da shi wurin Goggo, ina tsammanin za ta sa mini albarka. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Wannan na wane ƙato ne? Kuma me ya sa yake ƙanshin shayi?" Sannan ta ce in jawo mata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wata 'yar riga da ko ni ba za ta shige ni ba. Na shimfiɗa ta na duba da idon sana'a. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka da yatsa uku, an yi mata faci a kan faci.

Na ce, "Goggo, bindiga ce ta cinye nan?"

Ta ce, "Wace bindiga? Wa ya ba shi bindiga? Gadon tamfol ne mai sanda biyu. Idan aka harbi mutum, shi da abokinsa su ruga su ɗauko shi. Idan hannu ya gaji su ɗora a kafaɗa. Su ne mutanen da ya kwashe, ɗan nan. Goma sha ɗaya ya kwaso ran nan, bakwai suka rayu. Sauran huɗun kuwa har ya koma ga Allah yana kiran sunayensu bayan kowace sallah."

Shekara da shekaru muna taƙama da cewa Kakanmu ya kashe mutane, ashe bawan Allah ɗaukar su yake yi. Kalma ɗaya ya faɗa, muka karɓe ta muka wasa mata baki, saboda mai ɗaukar masu rauni bai isa a buga hotonsa a kalanda ba. Goggo ta ce ta gyara mana zancen ya fi sau goma, ana cewa tsufa ne. Yaya Dakta ya yi tafiya har gari uku neman bayanai, Allah Ya ba shi lada, amma taku ashirin da ke tsakanin falon Baffa da ƙofar Goggo sun gagare shi.

Ku tambaye ta, za ta gaya muku ya dawo yatsunsa ba sa miƙewa sosai, ita take ɓalla masa maɓallin riga. Za ta gaya muku duk wanda ciwo ya kayar a layin nan, Kaka ne yake goya shi zuwa bakin titi. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ita ta dawo ɗakin nan ta yi shekara goma sha tara tana tayar da shi tana kwantarwa. Yau ita ma ƙafafunta sun ƙi. Shi ya sa ba ku gan ta a nan ba. An ce kujerun gaba sun cika, kuma ba a samu wanda zai ɗauko ta ba a cikin zuri'ar Manjo guda. Amma lasifikar Baffa tana da ƙarfi, na san tana jin mu.

Da safen nan na shiga gaishe ta, na tarar ta ɗaure kayanta a zane biyu, ta ajiye a bakin gado. Na ce, "Goggo, ai ba a yanke ba tukuna." Ta ce, "An yanke, ku ne ba a gaya wa ba." Sannan ta ce in isar muku da saƙo, kuma ga shi yadda ta faɗa: "Sun ce ɗakin na ajiye abin da ya bari ne. To ni ma shi ya bar ni. Su rubuta takarda su manna mini, su bar ni inda nake. Ba sai sun sayi gilashi ba, ba na yawo."

Saboda haka, mai girma shugaba, ga roƙona. Kada a ƙirga hannu a nan cikin inuwa. Duk wanda ya amince a fitar da ita, ya tashi yanzu ya taka zuwa koren labulen can, ya yi sallama, ya dubi idonta, ya kama ƙafar gadon da kansa. Gadon ƙafa huɗu gare shi, mutum huɗu kawai ake nema. Ni dai ba na ciki. Zan tsaya a nan in ga wanda zai fara tashi.

Babu mai tashi? To, alhamdu lillahi.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya jiƙan huɗun nan da bai manta da su ba. Allah Ya ba Goggo lafiya, Ya sa ta yafe mana. Allah Ya ƙara wa Baffa girma, Ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Mu kuma, ranar da ƙafafunmu za su ƙi, Allah Ya ba mu masu ɗaukar mu da mutunci. Idan an shafa, mata biyu su zo mu je mu kwance wa Goggo kayanta.

Na gode.