Gishirin da Ba na Ƙofarta Ba

A shagon kayan lambu na garin Duluth, Lorraine ta dangwara abin watsa irinta a kan tebur, ta juya ga dattijon da ke bayanta a layi.

"Bawan Allah, kada ka kuskura ka sayi irin wannan. Na watsa irin ciyawa da shi, ta fito kamar kan mai ƙora, ga bikin 'yata wata mai zuwa a farfajiyar gidanmu."

Ya leƙa ciki, ya kankaro farin ɓawo da farce. "Baiwar Allah, gishirin narkar da ƙanƙara ne. Ba a wanke ba, shi ya ƙone miki iri."

"Wane gishiri? Mijina Vernon ciwon baya yake, ni nake watsa yashi a ƙofarmu da hannuna saboda santsi duk sanyin nan."

"To wannan dai ya sha gishiri buhu-buhu. Dubi tsatsa."

"A ina? Duk layinmu ba mai busasshiyar ƙofa marar ƙanƙara sai Darlene da mijinta ya rasu bara..."

Ta sake duban farin ɓawon. Dattijon ya duƙufa wajen karanta rubutun buhun taki.

"Mai roba ya fi sauƙin wankewa," ya ce a hankali.

Ta rungume abinta. "Ba mai wanke min wannan sai Vernon ya gani."