Filina Ya Fito Ja a Taswira

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajja Falmata daga Gamboru. Ina da fili a hanyar Khaddamari, har na sauke bulo. Sai 'yata Zara, ɗalibar jami'a, ta nuna mini taswirar da suka haɗa da hoton tauraron ɗan'adam. Filina ya fito ja.

Ta ce, "Mama, gangare ne, ruwa zai zaizaye shi."

Magini kuwa ya zagaya wurin ya ce, "Hajja, ƙasar nan a shimfiɗe take."

Malam, kaina ya ɗaure. Zara ba ta taɓa taka filin ba, shi kuma bai taɓa ganinsa daga sama ba. Ga damina ta ƙarato. Masu sauraro, in haƙa harsashi ko in dakata?