Goran Jiƙon Yayana

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Hajo daga Zagga, ƙasar Bagudo. Don Allah ka karanta wagga duka, kada ka tsallake komi.

Yayana Umaru masunci ne. Bayan bukin mulkin kai kaɗan, 'yan doka sunka kama shi a bakin kogin Kwara, wai ya ƙetara da kifi zuwa ƙasar Dahome ba izini. Sunka kulle shi gidan waƙafi kafin alƙali ya zauna. Umaru na da ciwon fuka tun ƙuruciya, jiƙon saiwa ke sauƙaƙa mai numfashi. Na kai mai tuwo da goran jiƙonshi. Mai gadi ya shinshina goran ya ce, "Ku mutanen ruwa mun san ku, maganin ɓacewa ne." Ya tuttular da shi ƙasa a gabana.

Na durƙusa na ce, "Baba, in ba ka yarda da namu ba, ka kira malamin asibiti." Ya ce wanda ke tsare ba ya ganin likita sai an yanke hukunci. Ina jin numfashin Umaru ta bayan ƙyaure kamar ana jan zarto.

Washegari sunka miƙo muna gawa cikin tabarma, wai ajali. Na san ajali, Malam, amma ba ajali ya zubar da jiƙon ba, mutum ne, kuma na san fuskarshi. Masu saurare, ina ake kai ƙarar mai riƙon makulli? Ko Kaduna ce, da ƙafa zan je. Goran na nan, ban wanke shi ba.