Robar Wuyan Riga

Ina jiran ɗinkina a shagon wani tela a Tudun Wada, sai ga wata mata ta faɗo da doguwar riga a leda.

"Malam, taimaka ka cire mini robar nan da ke wuyan rigar. Ƙarfe huɗu za a kai lefen ƙanena, kuma ni ce kan gaba."

Tela ya jujjuya robar. "Hajiya, wannan ai ta hana sata ce. Masu shago ke cire ta in an biya."

"Mantawa suka yi. A Istanbul na saya, hutun kwana uku muka je. Shagunan bakin titi ne, kaya araha kamar banza."

"To, ina rasit?"

"Kai ɗan sanda ne ko tela?"

"Tela ne mai gudun ɓacin suna. Nuna rasit in cire yanzu."

"Wa ke ajiye rasit? Kuma da sata ce ai ƙofar shagon za ta yi ƙara. Sai da na tsaya a bakinta na kasa kunne, shiru kake ji."

Tela ya ninke rigar, ya miƙa mata.

"In kin biya, Hajiya, me kika tsaya saurare?"